Ragon da Ya Zo Na Ɗaya a Makarantar Ɗinki

Shi dai ya ce a riƙa kiransa Injiniya. Unguwa kuwa ta riga ta raɗa masa nata sunan, Danna-Nan, saboda duk abin da ka kai masa ya lalace, waya ce ko rediyo ko ma firji, amsarsa ba ta canzawa: "Ai danna nan kawai za ka yi." In ka danna abin ya ƙarasa mutuwa, sai ya ce da yatsan da bai dace ba ka danna.

Yayarsa tana da makarantar koyon ɗinki a saman wani bene, ɗakuna biyu da baranda, kekunan ɗinki jere har bakin taga. A ƙasan benen akwai shagon mai aski, mutumin da almakashinsa kan huta amma bakinsa bai taɓa hutawa ba. A wannan shekarar ne za ta yaye ɗalibanta na farko, kuma da ƙyar da naci ta shawo kan manajan wata masana'antar tufafi ya yarda zai halarci taron. Ya ce in ya ga makarantar tana da tsari, zai ɗebi ɗaliban aiki. Tun daga ranar Yaya ba ta ƙara zama wuri ɗaya ba.

Danna-Nan ya hau benen ya same ta tana jera takardun shaida a kan teburin yanka, za ta cike su da hannu.

"Yaya, me nake gani haka? Biro? Kina da Injiniya a gida kina wahalar da yatsunki?"

"Auta, matsa min daga haske."

"Ki saurare ni. Manhaja zan gina miki a intanet. Ki shiga, ki danna sunan ɗaliba, takardar shaidarta ta fito cak, da hotonta da tambarin makaranta, sai bugawa kawai. Manajan nan in ya gani, ba ɗalibai kaɗai zai ɗauka ba, har ni zai roƙa. Kuma sai na yi tunani kafin in amsa masa."

"Ka taɓa yin irinta?"

"Wa ya gina wa mijinki shafin sayar da dabbobi?"

"Shafin da aka rubuta 'tana ƙwai kullum' a ƙarƙashin hoton bijimi?"

"Wannan lokacin gwaji ne. An gyara."

Da a ce tana da sukuni da ba ta yarda ba. Amma ga rigunan yaye ba a gama ba, ga kujeru ba a samo ba, sai ta ture masa takardun ta ce ya je ya yi, kada dai ya sa ta ji kunya.

Ya kafa kwamfutarsa a baranda, ya ɗora abin sauraro a kunne wanda bai jona da komai ba, don kawai masu wucewa su san ana babban aiki. Ya ɗauki ɗalibai hoto ɗaya bayan ɗaya, ya zuba a folda, wato ɗakin ajiya a cikin kwamfuta, mai suna hotuna, ya ba kowane hoto lamba: na ɗaya, na biyu, na uku, har ƙarshe. Ya ƙara da nasa hoton, wanda ya ɗauka da baƙin tabarau ya tallafe haɓa, ya sa masa suna gwaji. Duk aikin da ya taɓa yi sai ya jefa wannan hoton a ciki, wai shi ne sa hannun gwani.

A kwamfutarsa komai ya tafi daidai. Ya danna, takarda ta fito, ga fuskarsa a kusurwa. Ya sauka da kwamfutar a buɗe har shagon mai aski.

"Duba nan. Wannan ake kira fasaha."

Mai aski ya leƙa. "Danna-Nan, yaushe ka koyi ɗinki?"

"Injiniya nake. Kuma gwaji ne."

"To Allah ya sa ka iya maɓalli, don na rigarka ɗaya ya tsinke."

Ga inda matsalar take kwance. Da zai gaya wa manhajar inda za ta ɗauko hoto, bai rubuta mata cikakken adireshi ba. Irin kwatancen da ake yi wa mutumin da ke tsaye a ƙofar gida ya yi mata: shiga ɗakin hotuna, ɗauko na ɗaya. Muddin daga ƙofar aka fara, za a samu. In kuwa mai neman yana tsaye a wani wuri dabam, sai ya yi ta lalube.

Ya kwashi aikin ya ɗora a babbar kwamfutar da yake haya a wani kamfani, wadda ke ɗauke da shafuka a intanet. Shafin dabbobin mijin Yaya ne ya fara zama a can, shi ya mamaye sama, don haka makarantar sai aka cusa ta can ciki, folda cikin folda. A kan shafin hotunan ɗalibai sun fito tsaf. Amma ɓangaren manhajar da ke haɗa takardar shaidar da za a buga ba daga ƙofar makarantar yake fara aiki ba, yana da nasa ɗan lungu can ƙurya. Ya duba daga lungunsa bai ga ɗakin hotuna ba, sai ya bar akwati fari fat a inda fuska za ta zauna.

Yaya ta sunkuya ta dubi allon. "Ina fuskar?"

"Sabon tsarin tsaro ne. Yanzu ɓoye fuska ake yi saboda masu satar bayanai."

"Takardar shaidar da ba a san wa take yi wa shaida ba?"

"Yaya, ba za ki gane ba."

"Na gane babu hoto. Ka sa hoto."

Ya shafa haɓa, can ya ce ya gano. Hotunan ne suka yi nauyi, intanet ta kasa ɗaga su. Ɗalibai sun cika kwalliya. Ya sa aka tsayar da kekuna, aka jera ɗalibai a baranda, kowa ta cire 'yan kunne da sarƙa, ta goge jan baki, kuma ba a yarda a yi murmushi ba, wai haƙora suna ƙara wa hoto nauyi. Mai aski ya fito bakin shago yana kallon sama.

"Injiniya, da ka ce su rage cin abinci kafin a ɗauka, ai da ya fi sauƙi."

Aka ɗora sababbin hotuna, kowace ɗaliba kamar an kamo ta da laifi. Ya danna. Akwati fari.

Ya ce to firinta ce. Yaya ta ce ai tun a allo babu hoton, tun kafin a je ga firinta. Ya ce haka cutar firinta take, daga nesa take kama takarda. Ya kwance ta gaba ɗaya a kan teburin yanka. Tawada ta tsarto ta wanke masa gaban riga, ragowar ta sauka a kan farin yadin da wata mata ta kawo a ɗinka mata. Da ya mayar da firintar, sai ga ƙusoshi sun yi saura a tafin hannunsa. Ya ce kamfani ne ke sa su don ado, ya zuba a aljihu.

Akwati dai fari.

Ya ce to sabis ne bai da ƙarfi. Ya ɗaure na'urar intanet a jikin sandar goge ƙasa, ya hau rufin bene yana juya ta gabas da yamma. Garin juyi ya ture faifan talabijin na mai aski, ana tsaka da kallon ƙwallo, daidai lokacin da za a buga fenareti. Mutane suka fito daga shagon, wani da rabin kai a aske, wani da kumfa har kunne, suna nuna rufi suna faɗin maganganun da ba a maimaitawa. Danna-Nan ya leƙo daga sama.

"Ku yi haƙuri, aikin ƙasa da ƙasa ake yi."

"Sauko ƙasan mu nuna maka," in ji mai rabin kai.

Bai sauko ba sai da aka tashi wasan.

Da abin ya ishi Yaya, ta ce ya kira kamfanin da yake haya a wurinsu. Ya ce zai kira, amma don ya yi musu faɗa ne. Ya shiga shagon mai aski inda akwai 'yan kallo, ya buɗe muryar waya kowa na ji. Wata ma'aikaciya ta ɗauka, ta saurare shi har ya gama zuba, ta duba ta ce:

"Malam, kwamfutarmu lafiya take. Abin da ke haɗa takardar daga wata folda dabam yake fara aiki, shi ya sa bai ga hotunan ba. Ka rubuta masa cikakken adireshinsu tun daga tushe, shi ke nan."

Danna-Nan ya dubi jama'a ya yi murmushi. "Malama, cikakken adireshi ai na 'yan koyo ne. Mu manya da ishara muke magana da kwamfuta."

"To, Allah ya ba da sa'a," in ji ta, ta ajiye.

"Kun ga ta tsorata," in ji shi.

Amma ya tsinci abu ɗaya a maganarta, cewa daga wani lungu ake farawa. Ya tuna ya taɓa gani cewa in ka rubuta ɗigo biyu da karkatacciyar sanda a gaban kwatance, kana ce wa manhaja ta ja da baya ɗaki ɗaya kafin ta fara nema. Ya sa ɗigo biyu da sanda. Akwati fari. Ya ƙara wasu. Fari. Ya ga abin na tafiyar hawainiya ne, sai ya zuba su da yawa a jere, har layin ya koma kamar sahun tururuwa. Ya danna gwaji.

Sai ga fuskarsa, da baƙin tabarau, ya tallafe haɓa.

Abin da bai sani ba, ja da bayan ya yi yawa. Manhajar ta wuce ƙofar makarantar, ta fita har sama, inda shafin mijin Yaya yake. Can ma akwai folda mai suna hotuna. Can ma akwai hotonsa na gwaji, tun da ko'ina jefa shi yake yi. Kuma can ma da lamba ya jera hotunan: na ɗaya, na biyu, na uku.

Ya haura benen da gudu. "Yaya, zo ki ga ƙanenki."

Ta ga hoton ta sauke ajiyar zuciya. "To buga min na ɗalibai yanzu in gani da idona."

"Haba Yaya. A gaban jama'a za a buga. A kira suna, in danna, majigi ya haska takardar a bango, firinta ta miƙo ta da ɗuminta. Manajan nan sai ya miƙe tsaye."

"Ko ɗaya ce ka buga."

"Tawadar da ta rage ta bugu ɗaya ce. Kin san an yi 'yar asara."

Ta buɗe baki za ta yi magana, sai ga masu kujeru sun iso suna ta danna hon a ƙasa. Ta nuna shi da almakashi ta sauka.

Ranar taro da la'asar zauren da aka kama don bikin ya cika. Iyaye da mazaje da maƙwabta, ɗalibai a gaba cikin rigunan da suka ɗinka da hannunsu. Manaja yana zaune a tsakiyar babban tebur, mutum mai jiki, wuyansa ninki-ninki, ya ɗaura jan laktaye. Mijin Yaya yana layin farko. Mai aski ba a gayyace shi ba, amma ya rufe shago ya zo, ya ce irin wannan rana ba a ba mutum labari.

Danna-Nan ya karɓi makirfo kafin a ba shi. Ya ce yau za su ga abin da ko a manyan jami'o'i ba a fara ba. Ya ce manhajar tana gane fuskar mutum fiye da uwar da ta haife shi. Yaya ta ƙwace makirfon, ta kira sunan ɗalibar da ta zo ta ɗaya. Yarinyar ta taso ana tafi. Danna-Nan ya ɗaga yatsa sama don kowa ya gani, ya sauke shi a hankali ya danna.

Takarda ta cika bango. Ga tambarin makaranta, ga sunan yarinya da manyan baƙaƙe, ga shaidar cewa ta ƙware a yanka da ɗinki. A kusurwa kuma ga wani ƙaton rago mai murɗaɗɗen ƙaho yana kallon jama'a ido cikin ido.

Tafin ya tsaya a tsakiya.

Mijin Yaya ya gyara tabarau ya miƙa wuya. "Wannan ai nawa ne. Na ma sayar da shi."

"Ashe ɗinki yake koyo a ɓoye," in ji mai aski. "Da ka sani da ba ka sake shi ba."

Uwar yarinyar ta miƙe daga baya. "Malama, wannan ce 'yar tawa?"

"Hasken majigi ne, Mama," in ji Danna-Nan. "Ku ɗan karkata kai, za ku ga ita ce."

Wasu kuwa har suka karkata. Rago dai rago.

"Kira ta biyu, Yaya. Ta farko ce kan zo da gardama."

Yaya ba ta kira ba, amma shi ya danna. Agwagwa ta fito, baki a buɗe. Ya sake dannawa. Akuya tana taunar kwali. Dariyar da aka danne ta fara ɓullowa daga kusurwoyi. Gumi ya karyo masa, ya kai hannu zai tsayar da komai, yatsansa ya sauka a kan inda aka rubuta buga duka.

Firinta ta yi wani tari, saboda ƙusoshin da babu, sannan ta kama aiki da ƙarfin da ba a taɓa ganin ta da shi ba. Takardu suka riƙa tsalle suna sauka ƙasa. Na gaba suka tsinta suna miƙa wa na baya. Kowa na neman ta 'yarsa.

"Taki zomo ce."

"Gara ni, ke jaki aka ba ki."

"Mijin Malama, wannan saniyar tana nan ko an sayar?"

"Auta," in ji Yaya, muryarta ƙasa-ƙasa. "Kashe."

Ya tsuguna ƙarƙashin tebur inda wayoyi suka cukurkuɗe, ya kama ɗaya ya fizge. Fankoki suka mutu, lasifika ta mutu. Firinta da majigi ko gezau. Zauren ya yi tsit, ba ka jin komai sai ƙarar takarda. A cikin wannan shirun majigi ya hasko ta ƙarshe, takardar godiya ta musamman ga babban baƙo, wadda Danna-Nan ya ƙara da kansa ba tare da ya gaya wa kowa ba. Ga sunan Manaja da muƙaminsa. Ga talotalo ya kumbura, jan leɓe na reto a wuyansa.

Manaja ya dubi bango. Ya sunkuya ya dubi laktayensa. Ya sake duban bango.

Mai aski ya raɗa wa na kusa da shi, amma da yake babu fanka kowa ya ji: "Wannan kam manhajar ta yi ƙoƙari."

Zauren ya fashe. Har masu kujeru da ke jira a waje suka leƙo. Manaja ya miƙe ya ɗauki wayarsa ya nufi ƙofa, ɗalibai suka bi shi da ido, wadda ta zo ta ɗayan har ta fara hawaye. Yaya ta zare wata riga daga cikin waɗanda aka rataye don nuni, ta sha gabansa.

"Ranka ya daɗe, ni ɗinki na koya musu. Wancan shirmen na gidanmu ne, ba na makaranta ba. Juya rigar nan ka dubi cikinta. In ka ga zare ɗaya a karkace, ni da kaina zan buɗe maka mota."

Ya tsaya yana huci. Sannan ya karɓa, ya juya ta, ya bi ɗinkin da yatsa, ya ja hannun rigar da ƙarfi bai ji ta yi ƙara ba. Ya ce a miƙo wata. Ya duba ita ma.

"Wa ya yi wannan?"

Yaya ta nuna yarinyar da ke share hawaye.

"Ragon?"

"Ita ce, ranka ya daɗe."

Bakinsa ya motsa, ya yi ƙoƙarin riƙewa ya kasa. Da ya gama dariya ya ce su zo masana'anta farkon mako a gwada su, har da agwagwar da akuyar. Sharaɗinsa ɗaya, kada ƙanenta ya zo ko da bakin titin masana'antar ne.

Ƙanen kuwa a lokacin yana sanɗa zai fice ta ƙofar gefe, kwamfuta a hammata. Ya manta wayar majigi na jone da ita. Ya ja, majigi ya biyo shi ya faɗo, teburin ya karkata, ruwan Manaja ya kife a kan sauran takardun. Kowa ya juyo. Ya tsaya da waya a naɗe a ƙafa ya ce:

"Wallahi a kwamfutata yana aiki."

Washegari Yaya ta zaunar da shi a baranda, ta tsaya a kansa da sandar awo, ta kira ma'aikaciyar kamfanin da kanta. Ya goge ɗigoginsa, ya rubuta cikakken adireshi harafi bayan harafi yadda aka faɗa masa. Fuskokin ɗalibai suka fito, babu murmushi babu 'yan kunne, amma dai na mutane.

Aka bi gida-gida ana karɓo takardun dabbobi ana ba da na gaskiya. Kowa ta mayar, ban da wata dattijuwa da duk ajin ke kira Goggo, wadda tunkiya ta faɗo wa. Ta karɓi sabuwar, ta riƙe tsohuwar gam.

"Tun da nake ba a taɓa ɗaukata hoto na fito da natsuwa irin wannan ba," in ji ta. "Ku bar min abata."

Ta sa ta a gilashi ta rataye a sabon shagonta. Mutane suka riƙa zuwa kallon tunkiyar da ta ƙware a yanka da ɗinki, kuma da yake kunya ba ta barin mutum ya yi kallo ya fita haka nan, sai su bar mata yadi.

Labari ya kai wa Danna-Nan yana zaune a kujerar mai aski, an yafa masa ƙyalle. Ya gyara zama.

"Ka ji ko? Wannan shi ake kira tallan zamani. Da gangan na yi. Ni dama na san..."

Mai aski ya kunna injin aski, ya dafa masa ƙeya.

"Sunkuyar da kai, Injiniya. Kuma ka yi shiru, don in ana surutu wannan injin ma yakan ɓata hanya."